Inda Shuɗin Ya Tsaya

Bana bazara ta zo da fushi. Tun kafin hantsi ƙarfen ƙofar ofishinmu yake ƙin taɓuwa, fanka kuwa sai dai ta kwashi iskar zafi daga wannan kusurwa ta kai waccan. Jiya da la'asar hadari ya haɗo ta gabas, baƙi ƙirin, kowa ya fito yana ɗaga kai, sai iska ta taso ta watsa shi ko ɗigo bai sauke ba. Abokan aikina suka koma ciki suna tsaki. Ni na daɗe a bakin baranda, don irin wannan hadarin ba ya zuwa bai tuna mini da wata bazara ba, wadda azumi ya faɗo a tsakiyarta. Yanzu azumin ya matsa gaba ya koma gefen sanyi, iyalina ma suna nan Gumel tare da ni. A waccan shekarar kuwa ni kaɗai ne, kuma ita ce shekarar da ruwan famfo ya ɗauke wa Gwaggo a Tudun Maje.

Ban daɗe da zuwa Gumel ba a lokacin. Na baro iyali a Kano saboda makarantar yara, na kama ɗaki a bayan tasha, ɗakin da rufin kwanonsa yake tara zafin yini ya ajiye mini sai na dawo. Katifa, buta, risho, sai wata tsohuwar rediyo da ba ta son kama komai sai tashoshin Nijar. Sahur ɗina bai wuce gari da sukari ba. Buɗa-baki a ofis nake yi, saboda can akwai wutar sola. Kowa ya watse tun la'asar ya nufi gidansa, ni in sayo kunun tsamiya a leda da ɗan ƙosai, in zauna gaban kwamfuta ina jiran ladan. Ba ƙaramin abu ba ne mutum ya yi kurɓar farko ya waiga, babu mai ce masa barka da shan ruwa. Kewa ta dame ni a shekarar nan, ba na ɓoyewa.

Aikin da ya kawo ni shi ne taswirar bututun ruwa na garuruwan yankin nan, Gumel da Gagarawa da Maigatari da Sule Tankarkar. Wani shiri ne na gyaran ruwa, mai wa'adi. Kafin zuwana, a daminar da ta gabata, an tura ma'aikata sun bi kowane bututu a ƙafa, riƙe da 'yar na'urar da ke ɗaukar wuri, suka kawo abin da suka samu aka zuba a kwamfuta. Nawa aikin shi ne bin sawu, haka muke ce masa. Za ka danna kan tankin gari, ka ce wa manhajar ta bi ruwa. Nan take sai ka ga shuɗi ya fito daga tankin yana gudu cikin layuka, ya shiga wannan lungu ya ɓulla wancan, yana rabuwa duk inda bututu ya yi reshe, har ya kai famfo na ƙarshe. Duk layin da yake haɗe da tanki zai koma shuɗi. Wanda bai haɗu ba, ko da tazarar ba ta wuce faɗin tafin hannu ba, sai ya zauna ruwan toka. Manhaja ba ta san kara ba, ba ta san ai kusa ne ba. Dokar shirin kuma guda ce: abin da ya yi shuɗi har bakin famfo shi za a jona da sabon babban bututu, ruwan toka kuwa matacce ne, a ƙyale shi.

Gaskiya ina son aikin. A ofishin da babu kowa, kallon shuɗin nan yana shiga gari unguwa-unguwa shi ne hirata.

Tudun Maje ɗan ƙauye ne a bayan Ɗanzomo, gidaje kaɗan a kan jigawa. Can aka haife ni, can kuma Gwaggo, yayar mahaifina, ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyata, kafin a kai ni makaranta birni. Ba ta faɗin sunana saboda sunan mahaifinta gare ni, Babana take cewa. Mijinta ya daɗe da rasuwa. 'Yarta ɗaya, Yaya Hajara, tana aure a Maigatari, shekara da shekaru tana fama da ita ta koma wurinta, Gwaggo ta ƙi. Hujjarta kullum ita ce ga famfo nan a ƙofar gida, me zai tashe ta daga ɗakinta? Famfon kuwa bayan barina garin aka kawo shi. Mutanen ƙauyen ne suka yi karo-karo suka ja baƙin bututun roba daga babban layin Ɗanzomo, ya ratso ta cikin gonaki.

Ranar Juma'ar farko ta azumi na ɗauki sukari da dabino na hau motar Ɗanzomo, daga can na hau acaɓa. Abin da na fara lura da shi shi ne shiru. Bakin famfon da na sani cike da jarkoki da hayaniyar mata, yau babu kowa, sai kaji sun tona rami a gindinsa suna neman sanyi. Na murɗa kansa, ko tari bai yi ba.

Na tarar da Gwaggo a inuwar rumbu, leɓenta duk ya tsattsage. Muka gaisa, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, sannan ta dube ni ta gefen ido.

"Babana, an ce ku ne masu ruwan yanzu."

"Mu ne masu zanensa, Gwaggo."

"To ku zana mana ko cikin moɗa ne mana."

Na yi dariya, ita ma ta yi, sannan na tashi na leƙa randarta. Ruwan ja ne, kuma bai kai rabi ba. Ta ce tun da aka zo aka haƙa sabon babban bututu a bakin hanya ruwansu ya ɗauke. Yanzu amalanken jakin Mai unguwa ne yake fita bayan asuba zuwa wata rijiya a rugar Fulani, rijiya mai zurfin da sai sa ne yake jan guganta. Ba ya dawowa sai rana ta take. A sauke jarkoki a ƙofar masallaci, a raba gida-gida gwargwadon yawan baki. Gwaggo baki ɗaya ce, rabonta jarka guda. A ciki za ta sha, ta yi alwala, ta dama kunu, ruwan da ta wanke tsaki da shi kuma ta zuba wa awakinta. Wanka sai ranar Juma'a, shi ma da kofi. Har wasu gidaje sun kwashe sun koma Ɗanzomo kafin damina.

Ina hanyar dawowa Yaya Hajara ta kira ni. Ko sallamar kirki ba ta bari na amsa ba.

"Habu, ka gano ta? Ka ga bakinta? Kai kana aikin ruwa, matar da ta goya ka tana azumi da bido guda, jarka ɗaya tal! Wallahi ka ji na rantse, in shirin nan naku ya ƙare ba a jona musu ba, ba za ta sake yin rani a garin nan ba. Ko tana kuka zan sa ta a mota."

Na san Yaya Hajara, in ta rantse ta gama. Na kuma san Gwaggo. Ɗakin nan da rumbun nan da kabarin mijinta a bayan gari, su ne duniyarta.

Washegari Asabar ce, babu aiki, amma na karɓi makulli wurin maigadi na buɗe ofis. Na ɗauko taswirar Ɗanzomo, na danna kan tanki. Shuɗi ya fito, ya bi babban layi, ya shiga reshen Tudun Maje. Na ce yauwa. Ya ɗan taɓa tafiya, yana isa bakin gonaki sai ya tsaya cak. Na ƙara girman wurin. Can ƙetaren gonakin ga ɗan guntun layi, ga alamar famfon ƙofar gidan Gwaggo, duk ruwan toka. Tsakaninsu babu komai, fili fetal. Ashe abin da masu haƙa sabon layi suka gani ke nan, reshe ne da ba ya zuwa ko'ina. Suka shimfiɗa sabon bututunsu suka wuce, ba su jona shi ba.

To amma ta ina ruwa yake zuwa duk shekarun nan, ta sama? Na koma ƙauyen, na ari fartanya na shiga gonakin, rana tana dukan ƙeyata, bakina ya bushe har yawu ya ƙi haɗiyuwa. Ban yi sara uku ba sai ga baƙin bututu kwance a cikin rairayi, lafiyarsa ƙalau. Mai unguwa ya biyo ni yana kallon ikon Allah. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, ma'aikatan da suka zo bara ba su ga wannan ba?"

"Yaushe suka zo?"

"Da damina."

"Af, ai da damina ba ya nan."

Haka ya faɗe ta kamar mai ba da labarin fitowar rana. Wai shekarar farko da suka ja bututun, garmar shanu ta yayyanka shi wurin huɗa, suka sha wahala kafin su sake haɗa wani. Tun daga nan suka yi wa kansu tsari. Da zarar ruwan shuka ya sauka, kafin shanu su shiga gona, sai a yi gayya a tone shi, rairayi ne, aikin safiya ɗaya. A naɗe shi a kai ɗakin marigayi mijin Gwaggo, tunda babu mai kwana a ciki. Damina dai ga tafki ga ruwan indararo, ba mai neman famfo. In an yi girbi an kwashe kara, a sake gayya a mayar da shi, mata su dama kunu, a buɗe famfo yara su yi ta ihu. Ma'aikatanmu sun zo sun tarar da gero ya fi mutum tsawo, ƙasa kuma babu bututu. Suka rubuta abin da suka gani. Babu wanda ya yi ƙarya, babu kuma wanda ya tambayi wani.

Ranar Litinin na zana layin da hannuna, daga bakin gonaki zuwa guntun nan na ƙetare, na tabbata bakin ya kama baki. Na danna tanki. Shuɗi ya taho, ya iso inda yake tsayawa, ya ratsa ya wuce, ya shiga Tudun Maje har ƙofar gidan Gwaggo. Kai, ranar nan kunun buɗa-bakina sai da ya huce a leda. Ina ta gogewa ina sake dannawa, don kawai in ga shigarsa garin.

Injiniya Bilkisu, shugabar ofishinmu, ta saurare ni har na gama. Mace ce mai kirki, amma ba ta wasa da ƙa'ida.

"Malam Habu, na yarda da kai. Sai dai layin da aka zana da hannu ba a aika shi sama sai masu tantancewa sun gan shi a ƙasa sun ɗauka da na'ura. Suna Gagarawa yanzu. Bayan salla za su shigo wajenku, ni da kaina zan bi su. Daga nan kuma za a rufe jerin wuraren da za a jona."

Na ce ko ni a ba ni na'urar in je in ɗauko. Ta ce wanda ya zana ba shi yake tantancewa ba, balle garinsu ne. Na ji haushi ƙwarai, amma na san gaskiyarta.

Na koma wurin Mai unguwa na roƙe shi. Na ce bana dai a yi haƙuri, ko ruwa ya sauka kada a taɓa bututun nan sai baƙina sun zo sun gan shi a kwance. Na yi wa Gwaggo bayani ita ma, har da zane a ƙasa da tsinke. Ta ce, "To, Babana, Allah ya kawo su da wuri." Mai unguwa ya ce in Allah ya yarda.

Goman ƙarshe ta azumin nan ba zan manta da ita ba. Zafi ya kai inda tabarma take ƙona baya. Ƙanƙara ta yi tsada, masu sayar da ita sun zama sarakai. Da azahar za ka ga manyan mutane kwance a masallaci sun jiƙa rawani sun rufe fuska, ba mai iya ce wa wani uffan. Dabbobi sun rame, ƙashin haƙarƙarinsu a waje. Kullum da la'asar hadari zai haɗo, gari ya yi tsit, a ji ƙamshin ruwa daga nesa, sai ya watse. Aka fita roƙon ruwa a bayan gari, tsofaffi suna kuka. Ni ma na je, na ɗaga hannu tare da kowa. Amma ni ɗan manoma, jikan manoma, ni kaɗai ne a filin nan da ke cewa a zuci, Allah ka ba mu, amma ka ɗan jinkirta. Duk hadarin da ya watse sai in ji sanyi a raina, in kuma ji kunya. Wa zan gaya wa wannan? Ko matata da muke waya ban iya faɗa mata ba.

Salla ma ban je Kano ba. Na ci tuwona a gidan Gwaggo, na bi ta gonaki na tabbata bututu yana nan, na dawo ɗakina.

Ana saura kaɗan masu tantancewa su iso, ruwan ya sauka. Da yamma ne, ina ofis. Iska ta fara kaɗa ƙofofi, sai tsawa, sai ga shi kamar da bakin ƙwarya. Ƙamshin ƙasa ya cika ko'ina, indararo suna ambaliya, garin Gumel kaf ya ɗauki sowa, maigadinmu tsoho ya fito tsakar fili ya cire hula yana hamdala. Ruwan shuka ne sosai, wanda ake cewa ya haɗu da danshin ƙasa. Na yi ta kiran wayar Mai unguwa, ba ta shiga.

Ranar da muka tafi a motar ofis, ni da Injiniya da masu na'ura, hanya duk mutane ne a gona, maza da sungumi a gaba, mata da yara suna binsu da iri. Tun daga nesa na hango gonakin Tudun Maje sun yi kunya-kunya, sabuwar huɗa, ƙasa baƙa tana tururi. Na ce direba ya tsaya. Muka sauka na sa hannu na tona inda na tona rannan. Na tona gaba, na tona baya. Babu komai, ko alamar ramin ma garma ta shafe ta.

Mai unguwa ya iso yana share gumi, ya kasa haɗa ido da ni.

"Malam Habu, na riƙe su iyakar ƙarfina. Mai shanun huɗa ya zo, ya ce in ba a ranar ba sai ya gama da ƙauyukan gaba, kafin nan ƙasa ta bushe. Gonakin nan na gidaje da yawa ne, geronsu ke nan na shekara. Muka tsaya cirko-cirko. Gwaggonka ce ta ce a cire."

Sai ga ta nan tafe da sandarta, ta sha sabon zanen salla saboda baƙi. Na ce, "Haba Gwaggo! Ba na gaya miki ba?"

"Ka gaya mini, Babana. To in hana mutane noma saboda ni in sha ruwa? Ko in bar garma ta yayyanka shi? In ta yanka, ranar da ruwan naku ya zo ya bi ta ina?"

Ta kama hannun Injiniya ta ce, "Zo 'yar nan, ai ba ɓata ya yi ba." Ta kai mu ɗakin marigayi ta buɗe. Ga shi nan a naɗe gammo-gammo, an wanke shi tas, an ɗaure da kaba, an ɗora a kan duwatsu don kada ɓera ya taɓa. Gwaggo tana shafa shi tana cewa su duba da kyau, ko ƙwarzane babu. Mai na'ura ya dube ni, na sunkuyar da kai. Injiniya ta ɗauki hoto, ta durƙusa ta yi wa Gwaggo godiya. Muka sha furar da aka dama mana da ruwan sama.

A mota ta ce mini za ta rubuta duk abin da ta gani, har da bayanin Mai unguwa, kuma ta rubuta, na gani da idona. Amsar da ta dawo daga sama gajeriya ce: bututun da ba ya ƙasa ba ya cikin layi, a jira zagaye na gaba in an samu. Ni da hannuna na goge layin da na zana. Na danna tanki, shuɗi ya zo bakin gonaki ya tsaya.

Yaya Hajara ta yi mata kara ɗaya, ta bar ta ta ga amfanin gonarta. Da aka yanke gero, tafki ya fara ja da baya, sai ga ta da motar ɗaukar kaya daga Maigatari. Na je na taya su. Aka ɗora gado da randa da turmi, aka ɗaure awaki a baya suna ta kuka. Gwaggo ba ta yi kuka ba, ni ne ma na zagaya bayan rumbu na ɗan jima. Ta shiga kowane ɗaki ta fito, ta je bayan gari ta yi wa mijinta addu'a. Da za ta hau mota sai ta kwance makulli daga bakin zanenta ta danƙa mini.

"Na ɗakin marigayi Malam ne. An kusa kwashe kara. Ka zo ka sa a mayar da shi."

Yaya Hajara ta buɗe baki za ta yi magana, na girgiza mata kai.

Na je wata Asabar. Garin ya riga ya zama rabin kango, don kowa ya san ranin da ke tafe, masu hali sun bi 'yan'uwa Ɗanzomo da Gumel sai wata damina. Babu gayya, babu kunu. Ni da Mai unguwa ne da wani ƙaninsa, shi ma Mai unguwan kayansa a ɗaure suke. Muka ja rami a cikin rairayi, muka warware bututun muka shimfiɗa, muka jona wannan baki da guntun famfo, wancan da tsohon reshen da mu duka mun san ba ya haɗe da komai. Ba wanda ya ce don me. Muka mayar da ƙasa muka tattake, suka yi mini sallama suka tafi.

Na zauna a dakalin famfon na kira wayar Yaya Hajara, na ce ta ba ni Gwaggo. Ina jin rurin manyan motoci a bayanta.

"Babana, an mayar?"

"An mayar, Gwaggo."

"Har bakin famfo?"

"Har bakin famfo."

"To madalla. Ka murɗa shi ka bar shi a buɗe. In ya zo, wani zai ji ƙararsa ya aiko mini."

Na ce to. Na murɗa shi har ƙarshe, na ɗan tsaya, sannan na kama hanyar Ɗanzomo a ƙafa.